Kwana Tara Ina Cewa Amin

Shekarun baya can, wajen 2014, lokacin ina Alƙahira ina abin da mahaifina yake kira karatu ni kuma nake kira buga-buga, akwai wani yammacin Alhamis da har yau ban gama fitowa daga cikinsa ba. Na san kun saba in zo nan in ba ku dariya. Wannan ma akwai dariya a ciki, amma ba irin wadda mutum yake so ya tuna ba ce.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Karatun addini aka turo ni Masar. Na yi shekara ɗaya da rabi a makarantar koyon Larabci, nahawu ya kayar da ni sau biyu, sai na ce to khalas, kowa ya kama gabansa. Amma Larabcin titi, na direbobin ƙananan bas da masu sayar da ful, wato dafaffen waken Masar, wannan kam na sha shi kamar koko. Da shi nake ci. In mutanenmu suka zo daga gida ganin likita ko sarin kaya, ni ne tafinta, ni ne ɗan rakiya, ni ne mai faɗa da direban tasi. Ko ban gane abin da likita ya faɗa ba sai na fassara. Allah dai ya yafe mana.

Ɗakinmu ɗaya da abokina a Abbasiya, hawa na biyar, ga bene mai tsinka numfashi. Shi ɗan Gumel ne, kuma shi karatun gaske ya kawo shi. Yana shekarar ƙarshe a jami'a, yana karanta shari'a. Mutum ne mai shiru, in ya buɗe littafi ko gobara ake sai ya kai ƙarshen babi. Ina ce masa Shehi don tsokana, shi kuma yana ce min Malam Yalla, wai tunda na zo Masar kalmar da na ƙware a kanta ke nan, yalla, wato mu je. Mutane suna mamakin yadda muke zama tare. Ni ma ina mamaki. Ina jin dai shi yana buƙatar mai sa shi dariya ne, ni kuma ina buƙatar mai tashina sallar asuba.

Mahaifiyarsa, Inna muke ce mata, ban taɓa ganinta ido da ido ba. Amma duk Juma'a in ya kira gida sai ta ce a ba ta ɗan nan mai surutu. In karɓa, in ce mata Inna ɗanki fa ya kusa auren wata Balarabiya mai ƙaton hanci, ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, shi kuma yana jifana da filo. Duk wanda zai taho daga gida sai ta ba shi ƙullin yaji, nata na dakawa da hannu, mai ƙuli-ƙuli da citta da wani abu da har yau ban gane ko mene ne ba. Ƙulli biyu take yi, ɗaya nasa ɗaya nawa. Nawa ba ya wuce sati biyu. Shi kuwa sai ya zuba a wata 'yar kwalbar magani da ya wanke, ya sa a aljihun jallabiya, duk inda za shi da ita. In zai barbaɗa a ful sai ka rantse kwalli yake sa wa ido. Ko ɗan yatsa na kai wajen sai ya ce in ji tsoron Allah.

Abokina yana da wata al'ada. In jarrabawa ta zo, sai ya kashe hankalinsa daga duniya, ya miƙo min wayarsa in riƙe har a gama. Bayan magariba kawai zai ce in kira masa gida ya ji lafiyar Inna, don a lokacin ta ɗan jima tana fama da hawan jini. Wannan al'adar ce ta jefa ni cikin abin da zan ba ku labari.

Ranar wata Talata ina barandar wani asibiti, na raka wani Alhaji gwajin ido, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihuna. Yayansa ne. Na ɗauka da wasa yadda na saba, na ce ofishin Shehi ne, sakatare ke magana. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko ƙanen nasa yana kusa, na ce yana ɗakin jarrabawa. Sai ya ce Inna ta rasu da asuba, har an kai ta.

Na jingina da bango. Alhajin da na raka yana ta kirana daga ciki, wai likita ya ce wani abu, ban ma san na ji shi ba.

Yayan ya tambaye ni takarda nawa ta rage. Na ce huɗu, ta ƙarshe Alhamis ta sama. Ya ce to manya sun zauna sun yanke shawara kada a faɗa masa sai ya ajiye alƙalami. Shekarar ƙarshe ce, Inna ta sha wahala a kan karatun nan, in ya ji yanzu komai zai watse, kuma ko ya ji ba zai tarar da komai ba. Ya ce in ya gama, ni zan faɗa masa, don ba sa so ya ji a waya. Ya rufe da cewa amana ce suka ba ni. Ni da ko kuɗin cefane ba a ba ni amana.

Ku da kuka san gida, kun san ba sabon abu ba ne. Ana ɓoye wa ɗalibi, ana ɓoye wa mai ciki, ana ɓoye wa matafiyi har ya sauka. Da ni aka tambaya a lokacin, da haka zan ce a yi. Abin da ban sani ba shi ne yadda kwana tara suke da tsawo in kana kwana ɗaki ɗaya da mutumin.

Kullum bayan magariba sai ya ce, Malam Yalla kira min gida. In kira, yayan ya ɗauka, ya ce ta sha magani ta yi barci. Gobe a ce tana banɗaki. Jibi a ce likita ya hana ta yawan magana. Ana magana kana jin hayaniyar mata a bayan wayar, 'yan zaman makoki ne, shi kuwa sai ya ce Allah sarki, 'yan dubiya sun cika gida, Inna akwai jama'a. Daga nan ya koma kan dardumarsa ya ɗaga hannu. A bayyane yake addu'arsa, don ya san in bai ja ni ba ba zan yi ba. Allah ka ba Inna lafiya. Allah ka tashi kafaɗunta. Allah ka nuna mata ranar da zan kai mata takardar nan.

Ni kuma ina bayansa ina cewa amin.

Na ci gaba da tsokanarsa don kada ya gane. Na ɓoye masa hula, na kwaikwayi muryar malaminsu, na yi duk shirmen da na saba. In abin ya cika min ciki sai in ce zan sauka sayen burodi, in je in zauna a matattakalar hawa na uku har ƙafata ta yi sanyi.

Mutum ɗaya na faɗa wa, wani dattijo da muke ce wa Kawu. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a can, ba su ƙarasa ba kuma ba su koma ba. Hausarsa wata iri ce, mai daɗi, ta tsofaffi, da Larabci yayyafe a ciki. A Arba wa Nus yake zaune da iyalinsa. Sana'arsa gashi ce, agashe, wato tsiren Sudan, har wani Bajapane mai gidan abinci a Dokki ya ɗanɗana hannunsa ya ɗauke shi aiki. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce kada in kuskura in faɗa masa da yunwa a cikinsa, don in ya ji, sai ya yi kwana uku bai sa komai a baki ba. Ya ce in kawo shi wajen aikinsa ranar da ya gama, shi zai ciyar da mu, in ya ƙoshi sai in yi maganata.

Na amince da sauri. Kawu ya ɗauka don shawarar ta yi ne. Gaskiyar magana, na taɓa leƙa wajen, na san irin hayaniyar da ake yi. Ɗakinmu shiru ne, ko allura ta faɗi sai ka ji, kuma na san ba zan iya buɗe baki a cikin wannan shirun ba. Na yi lissafin in ya yi kuka a can, hayaniya za ta shanye. Wato dai ni nake neman maɓoya, na fake da shi.

Ranar Alhamis ya fito daga jarrabawa fuskarsa kamar an wanke. Na ce masa yau Japan za mu, Kawu ya gayyace mu. Tambayarsa ta farko ita ce ko ana shan giya a wajen. Na ce Shehi, a jirgin metro ma da muke shiga akwai ɓarayi, ka taɓa fasa hawa? Ya ce wannan ƙiyasin nawa ko a makarantar allo ba za a karɓa ba. Sai da na kira Kawu ya yi masa alkawarin a gaban tukubarsa za mu zauna, bayanmu na kallon tebura, babu abin da zai zo gabanmu sai nama da shayi. Ya ce to don darajar Kawu. Ya shafa turare, ya taɓa aljihu ya tabbatar kwalbarsa tana nan, muka sauka.

Bayan la'asar muka isa. Wajen ƙarƙashin wani dogon gini yake, sai ka sauka matattakala, ka ɗaga wani guntun labule da aka tsaga biyu. Ranar Alhamis ce, an tashi daga ofisoshi, ko'ina ya cika. Jajayen fitilun takarda suna reto, hayaƙin gawayi ya tokare rufi, tebura a manne da juna har gwiwarka tana gaisawa da ta maƙwabci. Ga Japanawa sun sassauta ɗamarar wuya suna ƙyalƙyata dariya, ga samarin Masar suna magana duk a lokaci ɗaya kamar yadda suka saba, ga kiɗa, ga ƙarar kofuna. Kasuwar Kurmi ranar jajiberin salla ba ta fi nan ba.

Muna sa ƙafa, sai duk ma'aikatan wajen, daga masu kai abinci har na cikin kicin, suka haɗa baki suka kwarara wani ihu: "Irasshaimase!"

Abokina ya zabura har ya taka min ƙafa. Ashe al'adarsu ce, duk wanda ya shigo haka ake yi masa maraba, kuma yawancin masu ihun Misirawa ne da aka koya musu, kowa da yadda bakinsa ya iya. Ya matso kunnena ya ce, "To tafinta, yau ga ranarka. Me suka ce?"

Jama'a, wallahi ban shirya ba. Bakina ya saba yin gaba ya bar hankalina a baya. Kuma kalmar kwana tara tana zaune a kan harshena tana jiran ƙofa. Sai kawai na ji kaina ina cewa, "Ai Hausa ce. Cewa suka yi, an yi rashi ma, sai haƙuri."

Ya tsaya, ya maimaita a hankali. I-rashai-ma-se. An yi rashi ma, sai. Sai ya fashe da dariya. Shekara uku ina neman in sa mutumin nan irin wannan dariyar ban samu ba. Ya dafa kafaɗata, ya duƙa, hular kansa ta faɗi. Ni kuwa na sunkuya na ɗauko masa hular.

Kawu ya zaunar da mu a kan wasu dogayen kujeru a gaban tukuba. Ya ɗaura wani ƙyalle a goshi irin nasu, yana fifita gawayi, yana juya tsinkaye. Ya kalle ni sau ɗaya, na sunkuyar da kai. Aka kawo mana tawul mai ɗumi na goge hannu, abokina ya tambaya ko alwalar Japanawa ke nan. Aka kawo waken suya a kwasfarsa da gishiri, ya ce a Gumel awaki ake ba wa. Aka ba mu sanduna biyu na cin abinci, ya juya su, ya ce ko alƙalami ne ai ɗaya ake ba mutum, ya ajiye ya sa hannu. Duk barkwancin da ya kamata ya fito daga bakina, ranar shi ya yi shi. Nauyin shekara huɗu ne ya sauka daga kansa, ga shi kamar ɗan maraƙin da aka kwance.

Kuma duk sanda labulen nan ya ɗaga, ma'aikata suka yi ihunsu, sai ya ɗaga tsinke sama ya amsa musu, "Haƙuri." Ya yi dariya, ya zungure ni da gwiwar hannu in taya shi. A wajen da mutane ke shiga da fita kamar tasha. Ban ƙirga ba, amma kowanne sai da na ji shi a haƙarƙarina. Har wani Bamisire mai kai abinci ya ɗauka ita ce amsar da ake bayarwa a ƙasarmu, in ya wuce ta bayanmu sai ya ce "hakuri, hakuri" yana murmushi. Kawu dai bai ɗago daga gawayinsa ba.

Da tsiren kaza ya iso, abokina ya ɗanɗana, ya ce naman ya gasu amma an zuba masa zuma kamar za a ba jariri. Ya zaro kwalbarsa. Saura kamar cokali biyu a ciki. Na zuba ido in ga ya yi ɗan barbaɗen nan nasa na ƙwauro, sai na ga ya kifa kwalbar gaba ɗaya. Ya zuba a nasa, ya zuba a nawa, har ya miƙa wa Kawu wani tsinke ta saman kanta.

Na riƙe masa hannu. Na ce, "Shehi, rage kaɗan mana."

Ya kalle ni da mamaki. "Yau kai ne da cewa a rage? Ci abinka, Malam Yalla. Sati uku ya rage in tafi gida. Turmi guda zan sa Inna ta daka mana."

Ya bubbuga gindin kwalbar a tafin hannunsa har sai da ƙwayar ƙarshe ta faɗo.

Na ci. Dole na ci, don in ban ci ba zai tambaya. Shi kuwa ya ci ya ƙoshi, ya sha shayinsu mai kama da ruwan ganye, ya yi hamdala, ya jingina. Kawu ya ajiye mafici, ya goge hannu, ya kalle ni. Wannan karon bai kawar da ido ba.

Kun san yadda ake yi a gida. Ba a jefa wa mutum irin wannan maganar kamar dutse. Hawa-hawa ake yi. A ce jikin ya ɗan motsa, a ce ya yi tsanani, a ce sai dai addu'a, har mutum ya ƙarasa da kansa. Na kwana tara ina tsara nawa matakan. Na matsa kusa na ce masa yayansa ya kira, jikin Inna ya ɗan matsa.

Ya kara hannu a kunne. Bai ji ba. Teburin bayanmu wani ne ake yi wa murnar ƙarin girma, suna tafi suna buga tebur.

Na ƙara ɗaga murya na ce jikin Inna ya yi tsanani. Ya ce wane ne ya yi tsada? Yana murmushi, yana jiran ƙarashen barkwanci.

Hayaniyar da na zaɓa don ta rufa min asiri, ita ta hana ni lallaɓawa. Babu hawa-hawa a wajen da sai ka yi ihu ake jin ka. Na kama kafaɗarsa, na sa bakina a kunnensa, na ɗaga murya kamar mai kiran fasinja a tasha, na ce, "Inna ta rasu."

Haka na faɗa masa. Da ihu.

Murmushin bai tafi nan take ba. Ya ɗan tsaya a fuskarsa, yana dubana, don ni ne, mutumin da ya taɓa ce masa an sace masa takalmi a masallaci alhali suna cikin rigata. Sai ya juya ya kalli Kawu. Kawu ya cire ƙyallen goshinsa ya riƙe a hannu. A nan ya yarda.

Ya yi Innalillahi, a hankali, sau uku. Bai yi kuka ba. Ya tambaye ni yaushe. Na ce Talatar waccan. Na ga yana lanƙwasa yatsu a kan cinyarsa, ɗaya bayan ɗaya, ya gama hannu ɗaya ya shiga na biyu.

Daidai nan labule ya ɗaga, wasu suka shigo, ma'aikata suka kwarara ihunsu. Mai kai abincin nan yana wucewa da faranti, ya ɗan dafa bayan abokina cikin raha, ya ce, "Hakuri, hakuri."



Abokina ya jawo farantinsa. Akwai ɗan yajin da ya zube a gefe, ya cakuɗe da mai. Ya sa ɗan yatsa yana tattarawa, yana gogewa a bakin kwalbar, a hankali, har farantin ya yi fes. Abin da ya samu bai rufe gindin kwalbar ba. Ya rufe, ya mayar aljihu. Sannan ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba, amma duk hayaniyar nan na ji shi tsaf.

"Kwana tara ina roƙa mata lafiya, ita kuwa gafara take jira. Kana bayana kana cewa amin."

Na fara cewa yayanka ne ya ce, manya ne suka yanke. Ya ɗaga min hannu. Ya ce ya sani, kuma ya san don shi aka yi. Ya ce su suna can, ba su ji addu'ar ba. Ni na ji.

Muka fito ana kiran magariba. Kawu ya bar tukubarsa ya biyo mu da rigar aiki, muka shiga wani ɗan masallaci a ƙasan gini na gaba. Bayan an idar, abokina ya ɗaga hannu, amma wannan karon a zuci ya yi. Na zauna a bayansa hannuna a buɗe, ban san inda zan sa amin ɗina ba. Muka hau metro muka koma Abbasiya. Da muka hau sama ya ce in ba shi wayarsa. Na fita na bar masa ɗakin, na koma matattakalata ta hawa na uku. Daga can na ji kukan.

Maganar Kawu ta tabbata, kwana uku ruwa kawai ya sha. Wannan tsiren ne ya riƙe shi.

Bai yi faɗa da ni ba, ko sau ɗaya. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Yana gaishe ni, yana tashina asuba, in ya dafa shayi ya zuba min. Abu ɗaya ne ya canza. Ya daina ce min Malam Yalla, ya koma ce min Malam kawai, irin yadda ake ce wa mutumin da aka haɗu da shi a layin biza. Ni ma ban sake tsokanarsa ba. Ya ci jarrabawar, da sakamako mai kyau ma. Ya haɗa littattafansa ya koma gida, na raka shi filin jirgi, muka yi musabaha kamar surukai. Daga baya na ji ya samu koyarwa a Kano, garinmu. Sai gaisuwar salla a waya, layi biyu, in mayar da layi biyu.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, ina nan dai a Alƙahira, wata safiya ina tsaye gaban mai ful da kwano a hannu, sai ga kiransa. Ban ma gama sallama ba ya katse ni.

"Malam Yalla, ajiye duk abin da ke hannunka. Baba ya rasu ɗazu da safe. Ina ƙofar gidanku, an gama wanka, yanzu za a fito da shi. Je ka yi alwala. Ba zan kashe wayar ba."

Ashe labari ya kai masa ta wani ɗalibinsa ɗan unguwarmu, ya hau babur ya tafi. Ya tarar 'yan'uwana suna shawarar a bari tukuna, a nemi wani babba a Alƙahira ya zaunar da ni, a lallaɓa ni. Ya ce musu shi zai ɗauki laifin. Ban ci komai ba ranar, ko shayi. Bai tambaya ba.

Na yi alwala a famfon mai ful. Na tsaya a gefen titi, motoci suna ta oda, waya a kunnena. Ya sa tasa wayar a aljihun gaba ya shiga sahu. Na ji kabbara huɗu da aka yi wa mahaifina, ɗaya bayan ɗaya, daga Kano har Abbasiya. Na roƙa masa gafara tun bai bar ƙofar gida ba. Sai da dare ya yi, na zauna ni kaɗai, sannan na tuna da sunan da ya kira ni da shi.

Har yau ban iya cewa manyan Gumel sun yi kuskure ba. Takardar da Inna ta so, ya kai ta gida, ko da ba ta gani ba. Shi kansa bai taɓa cewa da an faɗa masa da ya iya rubuta jarrabawar ba. Amma ni na daina karɓar irin wannan amanar. An kawo min sau biyu tun daga nan, na ce a nemi wani, ni in na sani zan faɗa. Ana ce min ba ni da tausayi. Wataƙila.

Yanzu mun koma yadda muke, ko kusa da haka. Ina tsokanarsa a gaban ɗalibansa, yana cewa kada su kula ni, nahawu ne ya taɓa min ƙwaƙwalwa. Maganar wancan yammacin dai ba mu taɓa tayar da ita ba. Da na je gidansa bara, na hango kwalbar a saman kantar littattafai, tsakanin manyan mujalladai. Abin da ke ciki ya bushe ya yi baƙi. Ya ga na gani, na ga ya ga na gani, sai ya ce in matso a ci abinci.

Ya ɗaga hannu bayan mun gama, a bayyane, yadda ya saba. Ya ce Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Baba, ya sa sun huta.

Na ce amin. Wannan karon na san abin da nake amsawa.